Mai Adalci da Ɗan Kwikwiyonsa

Akwai wata aya a Littafin Karin Magana, sura 12 aya 10, wadda na yi shekaru ina wuce ta kamar yadda matafiyi yake wuce ƙaramin ƙauye a gefen hanya. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba, ni ma ban taɓa koyar da ita a makarantar Lahadi ba. Rabin ayar na farko ya ɗora wa mutumin kirki alhakin lura da ran dabbar da take hannunsa. Rabi na biyu kuma ya nuna cewa ko tausayi mugu ya yi niyya, ƙarshensa cutarwa ce. Na ɗauka magana ce ta makiyaya da masu jakuna. Sai da wani ɗan kwikwiyo ya mutu a tsakar gidana na gane da ni ake.

Wata shekara cikin hunturu, ɓarayi suka haura katangar gidanmu a Birnin Kebbi, suka tafi da awaki biyu, ba wanda ya farka. Da gari ya waye uwargidana ta ce, "Maigida, gidan nan yana bukatar kare." Na tuna da wani dattijo mai bi a Argungu, manomin shinkafa a fadamar Gulbin Rima, wanda na ji karyarsa ta haihu. Ranar Asabar na shiga mota, tafiyar kamar sa'a guda, na same shi a gida. Kwiyakwiyan biyar ne, makonsu huɗu da haihuwa, suna kwance a jikin uwarsu bayan rumbu. Na zaɓi wani ja mai farin ƙirji.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ka bar shi ya ƙara wata guda a wurin uwarsa."

Na ce, "Baba, ba kullum nake samun zuwa Argungu ba. Yara za su kula da shi."

Bai sake magana ba. Na sa ɗan kwikwiyon a kwali, na kamo hanyar gida.

Yaran kuwa sun kula da shi iyakar ƙoƙarinsu. Suka ba shi madarar shanu, suka ba shi tuwo da miya, suka ajiye masa kawunan kifi. Da ya fara zawo muka ce sauyin wuri ne. Da cikinsa ya kumbura muka ce ƙoshi ne. A mako na tara ya ƙi abinci, ya kama amai, zawon ya koma jini mai wari. Na ɓare ƙwayar maganin zazzaɓi irin wadda muke sha, na tura masa rabi. Sai a rana ta uku na kai shi asibitin dabbobi. Likitan ya yi mini tambayoyi uku: yana da mako nawa aka raba shi da uwarsa, an ba shi maganin tsutsar ciki, an yi masa allurar rigakafi? Ban iya ɗaga kai ba. Ya yi abin da zai iya, amma ɗan kwikwiyon bai kai safiya ba.

Muna binne shi a bayan gida sai ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, ai muna ƙaunarsa. Me ya sa ya mutu?" Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta tare ke nan. Idan Allah ya sa wani rai a hannunmu, kyakkyawar niyya ta isa ta wanke mu? Ko kuwa rashin saninmu ma abu ne da za a tambaye mu a kansa?

Kalmar da take cikin ayar

Masana Ibrananci, harshen da aka fara rubuta Tsohon Alkawari da shi, sun nuna cewa kalmar da aka yi amfani da ita a ayar nan ita ce kalmar sani. Wato adali shi ne wanda ya san ran dabbarsa. Kalmomi biyun nan, sani da rai, su ne kuma a Fitowa 23:9, inda aka hana Isra'ilawa zaluntar baƙo, aka kafa musu hujja da cewa su kansu sun ɗanɗani baƙunci a Masar, sun san yadda ran baƙo yake. Sani irin wannan ya wuce a ce ka san sunan abu. Shi ne ka lura da yunwarsa da tsoronsa da ciwonsa, har ka iya gane su ba tare da an faɗa maka ba. A Karin Magana 27:23 ma an umarci mai garke ya san halin da tumakinsa suke ciki sosai.

Dalilin da ya sa aka ɗora wannan a kan mai adalci ba boyayye ba ne. Ma'aikacin da ka hana hakkinsa yana iya kai ƙara. Maƙwabcin da ka ɓata wa rai yana iya zuwa wurin mai unguwa. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, ba ta da dangin da za su zo bin kadi. Duk abin da ka yi mata, tsakaninka da Mahaliccinta ne. Saboda haka hanyar da za ka bi ka biya mata hakkinta ɗaya ce, ka koyi karanta abin da ba za ta iya faɗa ba.

Tun farko ma haka Allah ya tsara. A Farawa sura 1 ya ba mutum mulki a kan halittu, a sura 2 kuma ya sa shi a gona domin ya nome ta, ya kiyaye ta, sa'an nan ya kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. Ba ka raɗa wa abu sunan da ya dace da shi sai ka tsaya ka dube shi. Alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tufana, a Farawa sura 9, ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgin. Dokar Asabar a Fitowa 23:12 ta ba sa da jaki hutu. A ƙarshen Littafin Yunusa, sa'ad da Ubangiji yake lissafa dalilan da suka sa ya ji tausayin Nineba, bai manta da dabbobin birnin ba. Mulkin da aka ba mu mulkin wakili ne, wakili kuwa yakan ba da lissafi.

Ni ban yi wa ɗan kwikwiyon nan mugunta da gangan ba. Amma an gargaɗe ni a Argungu na ƙi ji, kuma asibitin dabbobi yana cikin garin da nake, ban je na yi tambaya ba sai da aski ya zo gaban goshi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Akwai duhun da ya auko wa mutum, akwai kuma wanda mutum ya zauna a ciki alhali fitila tana kusa da hannunsa. Nawa irin na biyun ne.

Abin da ya kamata in sani

Likitan ya ce kada in kawo wani ɗan kwikwiyo nan da nan, domin ƙwayar cutar da ta kashe na farkon, wadda suke kira farbo, takan yi watanni a cikin ƙasa da ranta. Muka wanke wurin da ruwan bilic, muka jira kusan shekara. A wannan tsakanin na zama matambayi. Ga kaɗan daga abin da na koya, na rubuta shi domin kada wani ya biya kuɗin makaranta irin wanda na biya.

Karya takan ɗauki ciki kimanin kwana 63. Ana haifar kwiyakwiyai idonsu a rufe, kunnensu a toshe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idon yake buɗewa. Nonon farko da suke sha, wato dakashi, shi ne yake ba su kariya daga cututtuka a makonnin farko. Bai kamata a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8 ba. Ban da nono, a wurinta da wurin 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, sai ya gane ya wuce gona da iri. Wanda aka ɗauke da wuri bai sami wannan darasi ba.

Madarar shanu takan sa wa ɗan kwikwiyo zawo. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare, mu kuwa a jihar da Aliero take, miyar da ba albasa ba ta cika miya ba. Ƙayar kifi da dafaffen ƙashin kaza sukan tsage su soke maƙogwaro ko hanji. Maganin ciwon jiki da na zazzaɓi da muke sha yana iya zama masa guba. Abin da ya dace shi ne a ɗebar masa nasa kafin a sa albasa da yaji: tuwo ko shinkafa mai laushi da dafaffen ƙwai, ko nama, ko kifin da aka cire wa ƙaya. Ƙarami yana ci sau huɗu a rana har wata 3, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu.

Kumburin cikin da muka kira ƙoshi tsutsa ce. Yawancin kwiyakwiyai da ita ake haifarsu, domin takan ratsa daga uwa tun suna ciki. Ana fara ba su magani daga mako 2, a riƙa maimaitawa duk mako biyu har mako 12, sa'an nan wata wata har su kai wata 6. Ƙwan tsutsar nan yana fita cikin kashin kare, yaron da yake wasa da ƙasa yana kai hannu baki yana iya ɗauka, shi ya sa kwashe kashin kowace rana wajibi ne. Allurar farbo da sauran cututtukan ƙuruciya ana fara ta tsakanin mako 6 da 8, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har wajen mako 16. Allurar haukan kare kuma a wata 3, a sabunta ta kamar yadda likita ya rubuta a kati.

Akwai abubuwan da maigida zai duba da idonsa. Ɗaga leɓen kare ka ga dasashinsa: mai lafiya ja-ja ne, in ya yi fari, jini ya ragu, sau da yawa saboda tsutsa ko kaska. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska take ɓuya, musamman da damina. Ɗan kwikwiyon da ya wuni bai ci ba, ko yake amai da zawo tare, ba a kwana da shi a gida, domin ruwan jikinsa yana ƙarewa da sauri. Kare kuma ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, karen da aka ɗaure a rana ba inuwa ba ruwa, azaba ake gana masa ko da mai shi bai nufa ba.

Sanda da tsoro

Da lokaci ya yi na koma Argungu, wurin dattijon nan. Wannan karon na jira har mako 8 ya cika. Yara suka raɗa wa sabon suna Giwan Ruwa, wai tunda daga garin su ya fito, ko da yake a lokacin bai fi tafin hannu biyu ba. Muna kiransa Giwa.

Nan na gamu da jarrabawa ta biyu. Masu ba da shawara suka yi yawa, kuma bakinsu ɗaya: in kana son kare mai gadi, ka ɗaure shi, ka ɓoye shi kada ya saba da mutane, ka bar shi da yunwa, ka riƙa dūkansa domin zuciyarsa ta yi zafi. Wannan ra'ayi ya yaɗu ƙwarai, har a gidajen masu bi.

Abin da masana halin dabbobi suka gano ya saɓa wa haka. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne ɗan kwikwiyo yake koyon abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro har iyakar ransa. Wanda ya ga yara da baƙi da awaki da kaji da babur a wannan lokaci, cikin kwanciyar hankali, zai girma yana bambanta abin da aka saba da abin da ba a saba ba. Wanda aka kulle aka doka, kowa abin tsoro ne a wurinsa, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Ba ɓarawo yake fara cizo ba, domin ɓarawo sau ɗaya yake zuwa a shekara in ma ya zo. Yaron gida da almajiri da mai tallan nono su ne kullum a ƙofa. Aikin kare mai gadi shi ne ya ji motsi ya tashe ka. Annabi Ishaya, a sura 56 aya 10, da yake tsauta wa matsaran Isra'ila, ya kwatanta su da karnukan da ba sa haushi. Laifinsu shiru ne a lokacin da ya kamata su yi gargaɗi.

Wata safiya na tarar Giwa ya tauna takalmin da nake zuwa sujada da shi. Na ɗauki sanda. Ya kwanta, ya maƙale wutsiya, ya kawar da kai, har fitsari ya zubo masa. Na ce a raina, ga shi ya san laifinsa. Daga baya na fahimci bai san kome ba. Kare yana haɗa sakamako da abin da ya yi a daidai wannan lokaci ne kawai. Takalmin da ya tauna da asuba ya riga ya fita daga kansa, abin da yake gani shi ne mutumin da yake ba shi abinci ya zo da fushi da sanda. Taunar ma ba rashin kunya ba ce. Haƙoransa na nono 28 suna zubewa, na girma 42 suna fitowa, tsakanin wata 3 zuwa 7, dasashinsa yana ƙaiƙayi. Maganin abin shi ne a ba shi abin taunawa nasa, a ɗauke takalma daga ƙasa. Haka ma fitsari a ɗaki: ƙarami ba ya iya riƙewa, sai a fitar da shi da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa, a yaba masa in ya yi a inda ake so.

Na ajiye sandar ran nan ina jin kunya, domin na tuna da Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura 22, wanda ya doki jakarsa sau uku alhali ita ce take ganin abin da shi bai gani ba. Na kuma tambayi kaina, sau nawa na hukunta 'ya'yana a kan abin da ƙuruciya ce kawai, na ga sun sunkuyar da kai na ɗauka tuba ce, alhali tsoro ne? Manzo Bulus ya gargaɗi iyaye maza a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi.

Hakkin maƙwabci

Sanin ran dabba bai tsaya a kan dabbar kaɗai ba. A Fitowa 21:28-29 akwai shari'ar sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum ba zato, mai shi ba shi da laifi. In kuwa an san san da tunkuyi, an gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyansa. Abin da ya raba hukunci na farko da na biyu shi ne sani. A zamaninmu ba mai kare da zai ce bai taɓa jin labarin haukan kare ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Duk da haka cuta ce da ake iya hanawa. Tun a watan Yuli na 1885 Louis Pasteur, mutumin Faransa, ya yi wa wani yaro mai shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce aka keɓe kowace shekara domin tunatar da duniya wannan cuta. A ƙasarmu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa a Vom, Jihar Filato, a 1924 tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yawo.

Giwa yana da wata 5 sa'ad da ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara 6, ya shigo wasa, ya kai hannu zai janye masa kwano yana cikin ci. Giwa ya yi gurnani, yaron bai san ma'anar gurnani ba, sai haƙori ya kama shi a yatsa, jini ya fito. Uwargidana ta riƙe hannun a bakin famfo tana wankewa da sabulu har minti 15, kamar yadda aka koya mana, ni kuma na ɗauki katin allura na tafi wurin uban yaron. Ban taɓa jin nauyin ƙafafuna kamar ran nan ba. Mutumin nan Musulmi ne, shekara da shekaru muna zaman lafiya, yana aiko mana da naman layya, muna aika masa da abincin Kirsimati.

Na ce, "Alhaji, karena ya ciji yaronka. Laifina ne da na bar su ba babba a wurin. Ga shaidar allurarsa. Mu tafi asibiti yanzu, duk abin da aka kashe a wuyana."

Ya karɓi katin ya duba, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, tashi mu je."

Likita ya wanke ciwon, ya fara wa yaron allura, ya ce a tsare karen a lura da shi kwana 10, in ya wuce su lafiya lau, hankali ya kwanta. Kwana goman nan na yi addu'a irin wadda na daɗe ban yi ba. Giwa ya wuce su yana ci yana wasa, yatsan yaron ya warke. Amma na sha tunanin yadda zan tsaya a gaban mutumin nan da a ce ba kati a hannuna. Wace bishara zan sake yi a unguwar?

Saboda haka, 'yan'uwa, in kare ya ciji wani, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko gashin karen ko wani haɗi. Kada kuma a yi gaggawar kashe karen a jefar, a sanar da likitan dabbobi. A koya wa yara kada su taɓa kare yana ci ko yana barci, kada kuma a doki kare don ya yi gurnani, gama gurnani gargaɗi ne, wanda aka hana shi gargaɗi zai yi cizo ba sanarwa. Mu tuna kuma da yawa daga maƙwabtanmu ba sa son kare ya taɓa tufafinsu, balle butar alwala ko tabarmar salla. Karen da aka sake yana yawo gida gida yana ɓata zumunci. Romawa 12:18 ta ɗora mana neman zaman lafiya da kowa iyakar abin da yake hannunmu, igiyar karenmu kuwa a hannunmu take.

Ga yara da yunwa, ana ta kare?

Wani zai ce, a lokacin da buhun shinkafa ya gagari mutane, ga marayu da gwauraye a ikilisiya, ina dalilin kashe kuɗi a kan kare? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi wasa da ita ba. Zai kuma ƙara da cewa Littafi Mai Tsarki kansa bai cika yabon kare ba. Wannan ma gaskiya ne, a wurare da yawa kare misalin abin raini ne, domin yawancin karnukan da aka sani a lokacin na kan titi ne marasa mai su. Amma Ayuba, a sura 30 aya 1, ya ambaci karnukan da suke tsaron garkensa.

Amsar farko ita ce ba wanda Allah ya wajabta wa kiwon kare. Wanda ba zai iya ciyar da shi da yi masa allura ba, ya bar shi a wurin uwarsa, ba zunubi a cikin haka. Alhakin yana farawa ne ranar da ka sa shi a kwali. Amsa ta biyu, allurar kare ɗaya ta fi allurar mutumin da aka ciza araha nesa ba kusa ba, kuma 'ya'yan talakawa ne take karewa, su da suke wasa a titi.

Amsa ta uku tana cikin labarin mace Bakan'aniya a Matiyu 15:21-28. Babban darasin labarin bangaskiyarta ce, da alherin da ya kai ga al'ummai. Amma mu lura da hoton da aka zana a ciki. Kalmar Helenanci da Ubangiji Yesu ya yi amfani da ita tana nufin ƙananan karnuka na gida. 'Ya'ya ne da fari, matar ba ta musa ba. Abin da ta gani shi ne a gidan maigida nagari har wanda yake ƙarƙashin tebur yana samun rabonsa. Yesu kuwa ya yaba mata. Mutum ya fi dabba daraja, Ubangiji ya faɗi haka sa'ad da yake magana a kan 'yan tsuntsaye a Matiyu sura 10, amma a wurin nan ne kuma ya ce ko ɗayansu ba ya faɗuwa ba da sanin Uba ba.

Wanda ya san mu

Na daɗe kafin in sami amsar da zan ba 'yata. Abin da na faɗa mata a ƙarshe shi ne, mun ƙaunace shi, amma ba mu san shi ba, ni kuma da ya kamata in tambaya ban tambaya ba. Na roƙi gafarar Allah a gabanta, domin ta ga uba ma yana tuba.

Zabura 103:13-14 ta kwatanta tausayin Ubangiji da na uba ga 'ya'yansa, ta kuma faɗi tushensa: ya san yadda aka gina mu, yana tune da cewa daga ƙasa muke. Kalmar sanin nan ce dai ta Karin Magana 12:10. Allah bai ƙaunace mu daga nesa ba. Cikin Almasihu ya ɗauki jiki irin namu, ya ji yunwa da ƙishi da gajiya, har marubucin Ibraniyawa ya ce muna da Babban Firist wanda yake jin rauninmu. Shi ne Makiyayi nagari wanda ya san nasa. In ya sa wani rai mai rauni a ƙarƙashin ikonmu, ko ɗan kwikwiyo, ko jaki, ko yaron da aka ba mu riƙo, ko tsohuwar da ba ta iya faɗin inda yake mata ciwo, yana so mu yi musu yadda ya yi mana. A Luka 16:10 ya koya mana cewa amincin mutum a ƙaramin abu shi yake nuna amincinsa a babba.

Giwa ya tsufa yanzu, gashin bakinsa ya fara fari. Yaron da ya ciza ya shiga sakandare, in ya zo wucewa yakan tsaya a ƙofa ya kira sunansa.

Addu'a: Ya Uba Mahaliccin kowane mai rai, ka gafarta mana cutar da muka yi cikin rashin sani, da sanin da muka ƙi nema. Ka ba mu ido mai lura da zuciya mai haƙuri ga duk abin da ka sa a hannunmu wanda ba shi da bakin kuka. Ka tsare 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu, ka sa gidajenmu su zama dalilin salama a unguwanninmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.